Na Tsaya wa Masu Gadin Tsuntsu a Juji

Akwai wasu bayin Allah a Ingila da Amurka waɗanda idan sanyi ya kai matsayin da ruwa ke daskarewa a famfo, kowa na laluben bargo na biyu, su a lokacin ne suke tashi ƙarfe uku na dare. Su bar iyali suna barci, su kwashe sa'o'i a kan titi zuwa bakin teku ko bakin juji, su kafa madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa uku, su tsaya har yatsunsu su daina bin umarni. Abin da ya fito da su tsuntsu ne guda ɗaya tak. Ba za su kama shi ba, ba za su ci ba, ba za su sayar ba. In sun taki sa'a su gan shi, sai su zaro ɗan littafi su rubuta sunansa, su koma gida da mura. Na san hukuncin da mai karatu ya riga ya yanke musu, kuma ban zo in rantse cewa hankalinsu cikakke ne ba, don lauyan kirki ba ya buɗe shari'a da abin da ba zai iya tabbatarwa ba. Abin da na zo kafawa shi ne, masu yi musu dariya sun kasa gane hajar da ake saye a wannan kasuwa. Ana zaton tsuntsun suke biya da wahala. Ni kuwa na ce wahalar ce suka je saye, musamman fargabar nan ta a je a tarar ya tashi, tsuntsun kuma rasit ne kawai.

Sai an san tsuntsun kafin a san girman aikin. Turawa na kiransa sigal: fari ne mai toka-tokan baya, ga kwarmato ga kwaɗayi, shi ke cika gaɓar teku da tashoshin jiragen kamun kifi. Wanda ya san Tafkin Chadi da rani ya ga danginsa, don wasu daga Turai suke gangarowa su yi zaman sanyi a can. Irinsu ya kai hamsin a duniya, kuma kamar sun haɗa baki ne suka sa riga iri ɗaya. Manyan cikinsu sai sun shekara huɗu kafin gashinsu ya tsaya a kamanni ɗaya. Kafin nan kowace shekara da tata rigar, ta bazara daban ta hunturu daban, ga shi kuma ba su da tsantseni wajen aure, wannan iri ya auri wancan a haifi ɗan da babu shi a kowane littafi. To a cikin dubu biyar na waɗannan, suna tashi suna sauka, iska na kaɗa madubi, hawayen sanyi na cika ido, a nan ne mutum zai tsamo guda ɗaya wanda bayansa ya ɗan fi na maƙwabcinsa duhu, ko ƙafarsa ta ɗan fi ja. Wani masani ɗan Ingila, Peter Grant, ya wallafa littafi sukutum a 1982 a kan yadda ake bambanta su kawai, kuma waɗanda suka biyo bayansa littattafansu ƙara kauri suka yi, ba raguwa ba.

Babban abin da ya faru a tarihin wannan sana'a mara albashi, a garin Newburyport na jihar Massachusetts ya faru, inda kogin Merrimack ke shiga teku. A watan Janairun 1975 wasu mutum biyu suka ce sun ga wani ɗan ƙaramin sigal mai ɗan jan ƙirji a cikin garken na gida, ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba. Sai farkon Maris aka tabbatar: sigal ɗin Ross ne. Wannan tsuntsu da kaɗan ya fi tattabara, kuma gidansa can ne ƙurewar arewa inda teku ke zama ƙanƙara. An sa masa sunan James Clark Ross, hafsan jirgin ruwan Birtaniya da ya harbo shi a arewacin Kanada a 1823, kuma sai da aka shekara tamanin da biyu ana neman inda yake ƙwai kafin Baturen Rasha Sergei Buturlin ya gano sheƙarsa a fadamun kogin Kolyma na Saiberiya a 1905. Kafin 1975 ba a taɓa ganinsa a Amurka ba in ban da Alaska. Jaridar New York Times ta sa labarin a shafin farko, dubban mutane suka yi tururuwa, har da Roger Tory Peterson, wanda littafinsa ne ya koya wa Amurkawa kallon tsuntsu. Suka jeru a bakin ruwa cikin iskar da ke yanka kunne, suna kallon wani ɗigo a kan taɓo can nesa, wanda a rigarsa ta hunturu ko baƙin zoben wuyan da ya yi suna da shi babu.

Mai tausayinsu zai ce ai kyau ne ya ja su, kuma son kyakkyawan abu ba laifi ba ne. Na gode da taimakon, amma wannan shaida za ta kayar da mu a kotu. A watan Janairun 2011 wani sigal ɗan gabashin Asiya, wanda danginsa ke zaune tsakanin Kamchatka da arewacin Japan, ya sauka a jujin Rainham, wurin da manyan motoci ke zubar da sharar Landan. Shi ne na farko a Birtaniya. Abin da ya raba shi da dubban da ke yagar leda a gefensa shi ne duhun baya, ruwan hodar ƙafa, da wasu fararen ɗigo a bakin fiffike da ba a gani sai ya buɗe. Ɗaruruwan mutane suka yi sammako ranar hutun ƙarshen mako suka tsaya suna shaƙar abin da juji ke bayarwa kyauta, da yawansu kuma suka koma ba su ga ko gashinsa ba. Akwai kuma farin sigal na ƙanƙara, wanda shi kam fari ne ƙal kamar an wanke shi da bula, sai dai sana'arsa bin farar dabbar beyar yana cin sauran mushen da ta bari, har kashin dabbobin teku ba ya rainawa. In ya ɓato kudu, galibi a kan gawar wata dabbar ruwa da teku ya tofo ake samunsa, masu kallo na toshe hanci suna godiya. Ga kuma shaidar da ta rufe bakin masu maganar kyau. A 2019 wasu matafiya a Ingila suka tsinci wani tsuntsu ruwan lemo mai ƙyalli a gefen titi, irin wanda ba su taɓa gani ba, suka garzaya da shi asibitin namun daji na Tiggywinkles. Aka sa ruwa da sabulu, sai ga sigal na gida, wanda ya yi wanka a garin kori ko gangamau. Shekara uku kafin nan wani ɗan'uwansa a Wales ya faɗa cikin tukunyar miyar kaza ta wata masana'anta ya fito da irin wannan launi. Su ne sigal mafi ɗaukar ido da aka gani a ƙasar, kuma babu wanda ya rubuta su a littafinsa.

Abin da ke ba baƙon tsuntsu daraja shi ne ba ya sallama in zai tafi. Baƙo raɓa ne, wannan kuwa raɓar mai fiffike ce. A watan Janairun 2017 wani sigal ɗin Ross ya bayyana a Half Moon Bay, kudu da San Francisco, karo na biyu kacal a tarihin Kalifoniya. Labari ya bazu, mutane suka ɗauki hutu, wasu suka sayi tikitin jirgi. A kwana na uku, jama'a na tsaye da madubai da kyamarori, sai shaho ya sauko ya yi awon gaba da shi a gaban idonsu. A yi tunanin wanda a daidai lokacin yake neman wurin ajiye mota. A yi tunanin wanda jirginsa ke sauka. Duk mai lissafi zai ce ranar nan ce ya kamata wannan sha'awa ta mutu, amma ban ga alamar ta yi ko zazzaɓi ba, kuma dalilin a fili yake: wanda ya gan shi da safe ya mallaki abin da wanda ya iso da yamma ba zai taɓa samu ba, kuma shahon ne ya buga wa wannan mallaka hatimi. Da a ce tsuntsun yana keji a gidan zoo, da tikiti da lokacin buɗewa da wurin shan shayi, da waɗannan mutanen ba za su tsallaka titi dominsa ba. Suna da ƙa'ida a kan haka ma: tsuntsun da ya tsero daga keji ba ya shiga lissafi, komai tsadarsa.

A nan ba zan iya wuce wani albatiros ba, ko da yake shi ba cikin sigal ya zauna ba. Ƙaton tsuntsu ne na tekun kudu, faɗin fikafikansa ya haura mita biyu, danginsa na can wajen tsibiran Falkland. Irinsu da iska suke tafiya, kuma tsakiyar duniya wuri ne da iska kan kwanta, don haka wanda ƙaddara ta tsallako da shi arewa komawa kan gagare shi. An ga ɗaya a dutsen Bass Rock na Sikotlan a 1967, sannan daga 1972 zuwa 1995 kusan kowace shekara ana ganinsa a Hermaness, can ƙarshen tsibiran Shetland, zaune cikin dubban tsuntsayen ganet. Yakan gina sheƙa, yakan yi rawar neman aure, su kuma matan ganet su sare shi da baki. Daga 2005 zuwa 2007 an sake ganin wani a ƙaramin dutsen Sula Sgeir, ana kyautata zaton shi ne dai, har mutane suka riƙa haɗa kuɗi suna shatar jirgin ruwa, suna amai a hanya, don su je su gaishe shi. Ni a ganina zumunci ne ya kai su. Ga halitta ta bar gida, ta tsaya a kan dutse cikin sanyi shekara da shekaru, tana duba fuskokin dubban tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya ko za ta ga wanda take nema. In ba su je masa ba, wa zai je?

Wani kuma zai so ya cece su ta ƙofar ilimi, ya ce bincike suke yi. Wannan shaida ta fi ta farko ƙwari, kuma zan karɓi rabinta. Tsuntsun da ya ɓata yau wani lokaci ɗan aike ne na masu zuwa gobe. Balbelar nan da ke bin shanunmu, wadda ko yaro ba ya ɗaga kai ya kalla, ta tsallaka Tekun Atlantika da kanta, an fara ganinta a arewacin Kudancin Amurka wajen 1877, ta yi ƙwai a Florida a 1953, yau ta cika nahiyar. A Birtaniya da can baƙuwa ce da ake tuƙa mota a je gani, sai a 2008 ta yi ƙwai a Somerset, yanzu kuma mutane sun fara wuce ta ba su rage gudu ba. Masu tsayuwa a juji ne kuma, a shekarun 1990, suka koyi tsamo sigal ɗin yankin Tekun Kaspiyan daga cikin na gida, aka gane yana matsowa yamma. Duk wannan sai da wani ya tsaya a sanyi ya rubuta kwanan wata. Amma a faɗi gaskiya: aikin ilimi ya ƙare a kan mutum na farko da ya gani da na biyu da ya ɗauki hoto. Na ɗari bakwai, wanda ya iso daga wani gari da kwalbar shayi da safa biyu-biyu, babu abin da ya ƙara wa kimiyya sai cunkoso. Kuma labarin balbelar nan ni yake goya wa baya. Tsuntsuwar ba ta canza ba, farinta na nan, amma ranar da ganinta ya daina wuya ranar ta daina tara jama'a.

Sai babbar tuhuma, wadda na san ita ce a bakin yawancin masu karatu: ƙoshi ne. Wanda bai san inda abincin dare zai fito ba ba ya bin tsuntsu juji. Gaskiya ne, madubin nan da man motar nan ba kuɗin talaka ba ne, kuma ba zan yi musu a kai ba. Sai dai kafin a yanke hukunci a tuna da 'yan farautarmu. Da rani za ka ga an cika mota da samari da karnuka da gora da barandami, a yi nisa cikin daji, a wuni ana gudu cikin ƙaya da ƙishirwa, wani ya dawo da targaɗe, wani karensa ya ɓata, a ƙarshe ayarin mutum arba'in ya shigo gari da zomo uku da kirari. In nama ake so, rabin kuɗin motar zai sayi wanda ya fi haka a wurin mahauci, ba tare da ko ƙaya ɗaya ba. Amma je ka miƙa wa ɗan farauta zomon da aka saya a kasuwa ka ce ya huta, ka ga irin kallon da zai yi maka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji masu magana, kuma shi gudun ne ya fito ci. Waɗannan ba masu ƙoshi ba ne. Ashe ƙoshi ba shi ke haifar da cutar ba, shi dai yana saya mata madubi ne. Bambancin kawai, Baturen ya cire naman gaba ɗaya daga lissafi, ya bar gudun tsantsa.

Mai wayo zai tambaya: tunda babu nama babu fata, me zai hana mutum ya zauna gindin murhu ya rubuta cewa ya gani? An gwada wani abu mai kama da haka, kuma yadda aka yi da shi ya fi komai tabbatar da maganata. Tsakanin 1892 da 1930, baƙin tsuntsaye suka yi ta faɗowa a kewayen garin Hastings na Ingila kamar an yi musu kiranye, kuma yawancin gawarwakin ta shagon wani mai cusa wa matattun tsuntsaye auduga, George Bristow, suke bi. A 1962 mujallar British Birds ta fito da bincike, da lissafin masanin ƙididdiga John Nelder, wanda ya nuna yawan nan ya fi ƙarfin sa'a. Aka soke rahoto 595 a tashi ɗaya, bisa zargin an yi wa jama'a ungulu da kan zabo, wato daga waje ake shigo da tsuntsayen cikin ƙanƙarar jiragen ruwa a ce a gonar maƙwabta aka harbo su. Bristow ya riga ya rasu tun 1947, kuma ya sami masu kare shi, wannan kuwa ba shari'ata ba ce. Abin lura shi ne mutanen da babu mai biyansu sun kafa wa kansu kotu. Tun 1959 akwai kwamiti a Birtaniya da ke zama a kan kowane rahoton baƙon tsuntsu, yana neman bayanin gashi da launin ƙafa da yanayin haske, yana iya shekaru yana juya magana, sannan ya aiko wa mutum cewa abin da ya gani da idonsa bai tabbata ba. Sigal ɗin Rainham ma sai da ya yi jiran shekaru kafin a ba shi takardar zama. Wanda ke neman daɗi kawai ba ya ɗaukar alƙalin da zai ƙwace masa daɗin.

Tuhuma ɗaya ce nake sunkuyar da kai a gabanta. Tsuntsun da jama'a ke murnar gani, sau da yawa halitta ce da ta ɓata, ta gaji, tana jin yunwa, kuma ba lallai ta sake ganin gida ba. A cikin taron kuma ba a rasa mai kyamarar da zai matsa har ya tashe ta daga ɗan abincin da ta samu. Ga man da ake ƙonawa a je kallon farin sigal na ƙanƙara, wanda yawansa a Kanada ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100 daga shekarun 1980 zuwa farkon ƙarnin nan, ƙanƙarar da yake rayuwa a kanta kuma narkewa take yi. Ko sigal na gida da ake ture shi da ido don a hango baƙo, tun 2009 yana cikin jerin tsuntsayen da ake fargabar raguwarsu a Birtaniya. A kan wannan ba ni da wata dabara sai neman sassauci: kakanninsu da bindiga suke tarbar baƙo, kamar yadda Ross ya yi a 1823, su kuma da madubi, kuma daga cikinsu ne ake samun masu ƙirgar da ta sa aka san ana raguwar.

Hujjata ta ƙarshe daga Amurka take. Akwai wani sigal da ake kira na Thayer, mai wuyar ganewa ko a wurin gwanaye, wanda mutane suka sha sanyin shekaru a bakin tafkuna da jujuna kafin su sa shi a littafi. A 2017 kwamitin masana tsuntsaye na Amurka ya zauna ya yanke cewa ba iri ne mai zaman kansa ba, reshe ne na wani sigal da yawancinsu suka riga suka rubuta. Dare ɗaya lissafin dubban mutane ya ragu da ɗaya, suna kwance a gadajensu, babu shaho babu guguwa. Ba a mayar wa kowa kuɗin mai ba. Suka yi gunaguni, suka ɗauki abin gogewa suka goge, kuma da hunturu ya zagayo aka sake ganinsu a bakin ruwa suna ƙirga ɗigon fiffikensa, wai ko kwamiti zai sake shawara.